Kafin a haƙa wa namun daji rijiya, a tambayi wa ya tare musu hanyar ruwa

A ƙarshen shekarar 2023 hotunan mushen giwaye suka riƙa fitowa daga gandun dajin Hwange na ƙasar Zimbabuwe. Damina ta makara, tafkuna suka koma taɓo, kafin watan Disamba ya ƙare an ƙirga giwaye aƙalla 100 da suka mutu. Duk mai tausayi da ya ga waɗannan hotuna, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne a kai musu ruwa mana, a haƙa burtsatse, a kafa famfo, a tura tankoki. Ni ma wannan zafin nake ji, kuma ban ga laifin wanda ya sa hannu a aljihu ya ba da gudummawa ba. Sai dai Hwange na da rijiyoyin burtsatse sama da 100 a lokacin da abin ya faru, yawancinsu masu aiki da hasken rana. Dajin da ya fi kusan kowane daji a Afirka dogara da famfo, a nan giwayen suka faɗi.

Yawancin ƙasar Hwange rairayi ne irin na Kalahari, babu kogi mai gudu duk shekara a mafi girman ɓangarensa. Kafin a keɓe shi a 1928, namun daji kan shigo da damina su ci ciyawa, su sha a kududdufai, in rani ya yi tsanani su kama hanyar koguna masu nisa. Mai kula da dajin na farko, Ted Davison, shi ya fara haƙa rijiyoyi a shekarun 1930 don dabbobin su daina fita zuwa inda ake harbe su. Niyyarsa mai kyau ce, kuma dabarar ta ci. Giwayen da ba su wuce 'yan dubbai ba a wancan zamani, yau ana ƙiyasta su kusan 45,000, a dajin da hukumar kula da gandun dajin ƙasar ke cewa bai kamata ya ɗauki fiye da 15,000 ba. Babbar giwa kan sha lita 100 zuwa 200 a rana. Mu ɗauki 150, mu ce rabin giwayen ne kawai suka dogara da famfo a tsakiyar rani. Ruwan da za a ɗebo daga ƙarƙashin ƙasa kullum ya haura lita miliyan 3, kuma ba a sa ɓauna da raƙumin dawa da jakin dawa a lissafi ba. Yanzu babu mai iya kashe famfunan nan, domin ranar da aka kashe su dubban rayuka za su salwanta. Babu kuma mai iya cewa ƙara wasu zai warware matsalar.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, kafa mashaya a dokar daji alkawari ne da ake ɗauka ga dabbobin da ba su da bakin tuni. Kuma hukunci ne a kan wace dabba za ta zauna a wurin, wacce za ta ƙaura, wacce za ta ƙare. Saboda haka bai kamata a yi shi don hoto ya sosa mana rai ba. Tambayar farko ita ce, me ya raba dabbobin nan da ruwan da kakanninsu ke sha? In hannun mutum ne, a fara da buɗe musu hanyar. In hanyar ba ta buɗuwa, sannan a kawo ruwa, kaɗan, nesa da juna, da tanadin kuɗin gyara tun kafin a sa diga a ƙasa.

Wanda ke ganin na tsananta ya dubi gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu, inda aka gwada ɗaya hanyar iya gwadawa. Tun daga shekarun 1930 hukumar dajin ta ɗauki ruwa a matsayin maganin kowace cuta. Aka yi ta haƙa, har rijiyoyin burtsatse suka haura 300, ga madatsun ruwa kusan 50. Aka wayi gari kusan kashi 80 cikin 100 na dajin bai fi tafiyar kilomita 5 daga mashaya ba. A ido abin sha'awa ne: masu yawon buɗe ido na ganin dabbobi a kowace kwana, adadin jakunan dawa na hawa.

A arewacin dajin akwai wasu filaye masu doguwar ciyawa waɗanda a da ruwa ya yi musu nisa. Nan ne gidan gwanki. Gwanki dabba ce mai son ciyawa doguwa, mai gudun cunkoso, kuma uwa kan ɓoye ɗanta cikin ciyawa makonnin farko bayan haihuwa. Nisan ruwa shi ne garkuwarsa, domin manyan garkuna masu sha kullum ba sa iya zama a can. Da aka kafa famfuna a filayen, musamman bayan farin 1982 zuwa 1983, sai jakunan dawa suka kwararo, tare da wildibis, wata dabba mai gemu dangin kanki. Suka aske ciyawar. Zakuna suka biyo sawunsu, kuma zaki ba ya tambayar wa ya riga zuwa. Tsakanin 1986 da 1993 gwankin Kruger ya faɗo daga kimanin 450 zuwa kimanin 45. Ba wanda ya harbe su, ba wanda ya sa musu guba. Garin neman gira aka rasa ido. Daga 1994 aka fara rufe famfunan yankin, a 1997 hukumar ta sake manufarta ta ruwa gaba ɗaya, aka bi rijiyoyi ana toshewa, ana fasa wasu madatsun. Jakunan dawan sun ragu a filayen, amma gwanki bai farfaɗo yadda aka so ba har yau. Na jinjina wa hukumar da ta iya rushe aikin hannunta na shekara 60 bayan ta ga hujja. Ba kowace hukuma ke da wannan ƙarfin hali ba.

Akwai abin da masu kiwo suka sani tun kafin masana su rubuta shi: a lokacin fari yunwa ta fi ƙishirwa kisa. Dabbar da ke sha kullum ko bayan kwana biyu ba ta iya yin nisa da mashaya. Tana fita kiwo, tana dawowa, kuma kowace rana sai ta ƙara nisa kafin ta sami abin ci, domin na kusa an cinye an tattake. Shi ya sa kewayen duk tsohuwar mashaya za ka tarar da fili tas, ƙura da kashi, sai a hankali ciyawa ke dawowa in ka yi nisa. Idan mashayu na nesa da juna, akwai ƙasar da ke tsakaninsu wadda ba a taɓawa sai da damina, ita ce rumbun daji. Idan an cusa su kusa-kusa, filayen da aka cinye sai su haɗe, rumbu ya ƙare tun kafin fari ya zo. An ga haka ƙarara a farin 1982 zuwa 1983 a Klaserie, wani gandun daji mai zaman kansa da ke maƙwabtaka da Kruger, inda kusan kowane mai fili ya yi tasa mashayar. Mafi yawan jakunan dawa da wildibis na wurin suka mutu da ruwa a gabansu, alhali asarar da aka yi a ɓangaren Kruger da ke kusa, inda ruwan bai kai haka yawa ba, ba ta kama ƙafar wannan ba. Haka ma a Kenya a 2022, lokacin da gwamnati ta sanar da mutuwar giwaye 205 da wildibis 512 da jakunan dawa 381 cikin wata tara. Masu kula da jakin dawa nau'in Grevy, wanda bai wuce kimanin 3,000 da suka rage a duniya ba, busasshiyar ciyawa suka riƙa saya suna kai masa a mota.

To, sai wani ya ce a bar daji yadda Allah ya yi shi, mai mutuwa ya mutu, mai rayuwa ya rayu. Wannan magana na da daɗin ji, amma ban yarda da ita ba, domin dajin da ake magana ba ya nan yadda aka halicce shi. Mun kewaye shi da waya, mun datse kogunansa, mun yi gonaki da garuruwa a bakin tafkunansa. A Botswana, daga shekarun 1950, an kafa dogayen shingayen waya don raba shanu da namun daji saboda ciwon baki da kofato, domin naman ƙasar ya samu shiga kasuwar Turai. Shingen Kuke ya tare hanyar da wildibis na Kalahari ke bi zuwa ruwan arewa in an yi fari. A 1983 suka bi jikin waya har suka taru a yankin tafkin Xau, inda ruwa ya ƙafe, shanu kuma sun riga sun cinye ciyawa. Dubun-dubatarsu suka mutu, kuma garkunan Kalahari ba su koma yadda suke ba. Wanda ya kafa irin wannan shinge ba shi da bakin cewa a bar dabi'a ta yi aikinta. Bashin ruwa na wuyansa.

Amma ko a nan, famfo shi ne zaɓi na biyu. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta hana ambaliyar kogin Logone malala a fadamun da gandun dajin Waza ke rayuwa a kansu. Ciyawa mai gina jiki ta mutu, garkunan mariya suka ragu ƙwarai, masunta da makiyaya suka shiga wahala. An haƙa tafkuna a cikin dajin, an kai musu ruwa, amma abin da ya dawo da rai shi ne buɗe mashigar da aka yi a 1994 a jikin ganuwar da ta tare ruwan kogin, ruwa ya sake shimfiɗuwa a wani ɓangare na fadamar, ya kawo ciyawa da kifi da tsuntsaye a lokaci guda. Babu injin da zai iya wannan. A Botswana ma, bayan an cire wani shinge a 2004 wanda ke tsaye tun 1968, jakunan dawa sun koma tsohuwar tafiyarsu tsakanin Okavango da Makgadikgadi, sama da kilomita 500 zuwa da dawowa, duk da cewa babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa bin hanyar. Cire waya ya fi haƙa rijiya arha, kuma ba ya buƙatar makaniki.

Idan an duba an ga babu makawa sai an kawo ruwan, to a yi shi da ilimi. A wuraren da mota ba ta zuwa, dabarar da ta fi burge ni ita ce tarkon ruwan sama. Wani ma'aikacin hukumar namun daji ta Kalifoniya a Amurka, Ben Glading, ya fito da ita a farkon shekarun 1940 don wani tsuntsu dangin makwarwa, daga baya aka faɗaɗa ta don manyan dabbobi. Ana shimfiɗa kwanon rufi ko siminti a gangare, ruwan sama ya bi bututu zuwa tanki rufaffe, galibi a binne ko a inuwa, daga tankin kuma ya zo wani ɗan kwami inda dabba ke sa baki. Lissafinsa mai sauƙi ne: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Shimfiɗa mai murabba'in mita 100 a ƙasar da ke samun milimita 200 a shekara za ta tara kusan lita 20,000, in ban da abin da ya zube. Rufe tankin shi ne sirrin, domin a ƙasa mai zafi da iska buɗaɗɗen tafki kan yi asarar zurfin mita 2 ko fiye a shekara ga rana kawai. Jihar Arizona kaɗai na kula da irin waɗannan mashayu kusan 3,000. Lita 20,000 za ta riƙe ƙaramin garken tumakin dutse, wato tumakin daji masu manyan ƙaho, ko barewa tsawon rani. Garken giwa 30 kuwa kwana huɗu ko biyar za su yi su shanye ta, don haka sai an san wa ake gina wa kafin a zaɓi dabara. Inda akwai busasshen rafi mai yashi, ƙaramar katanga da aka gitta a kan dutsen gindinsa kan tara yashi, yashin ya riƙe ruwa a cikinsa inda rana ba ta kaiwa. Giwa ta san haƙa irin wannan yashi da ƙafa da haure, kuma ramin da ta bari kowa na sha.

Ƙananan abubuwa ne ke raba mashaya da kabari. A watan Agusta na 1995, a dutsen Old Dad cikin hamadar Mojave ta Amurka, aka tarar da tumakin dutse aƙalla 45 sun mutu kusa da mashayun da aka gina musu. Bincike ya nuna 'yan raguna 13 sun faɗa cikin wani tanki da murfinsa ya buɗe, suka nutse, gawarsu ta ruɓe a ciki, ruwan ya zama guba, sauran garken suka sha. Murfi ɗaya da ba a je an duba ba. Irin wannan na faruwa kullum a ƙaramin mataki ba tare da an ji labari ba: tsuntsu, jemage, kurege, guza, duk sukan faɗa kwami mai santsin bango in ruwa ya ja ƙasa, su yi ta zagaye har ƙarfi ya ƙare. Maganinsa ɗan tsani ne na ragar ƙarfe ko dutse da siminti, mai kaushi, wanda gangarensa bai wuce digiri 45 ba, ya kai har gindin kwamin, kuma ya manne da bango, domin dabbar da ta faɗa ruwa bango take bi. In an bar rata tsakaninsa da bangon sai ta wuce ta ƙarƙashinsa. A arewacin Kenya 'ya'yan giwa kan faɗa rijiyoyin da makiyayan Samburu ke haƙa a busassun koguna, kuma da yawa daga marayun da ke gidan renon Reteti, wanda aka buɗe a 2016, daga irin waɗannan rijiyoyi aka ciro su. Duk mashayar da za a yi wa manyan dabbobi, a yi mata baki mai gangare wanda jariri zai iya fita da ƙafarsa.

Famfon sola ya sauƙaƙa abubuwa da yawa, ya raba ma'aikata da jigilar man dizal a hanyar da ba hanya ba. Amma rana na faɗuwa shi ma ya tsaya, giwaye kuma da yamma da dare suka fi cika mashaya, a watannin da zafi ya kai maƙura. Ko dai a haɗa shi da babban tankin ajiya, ko batir, ko injin ko-ta-kwana. Sannan giwa na jin ƙanshin ruwa a cikin bututu, kuma in kwami ya bushe za ta tone bututun, ta ture tanki, ta karya allunan sola. A arewa maso yammacin Namibiya an koyi kewaye famfo da tanki da katangar dutse mai kauri, a bar wa giwa kwaminta a waje, can gefe. A gwada ruwan kafin a saki dabbobi a kansa, domin rijiyoyin hamada da yawa zartsi ne, kuma in ya daɗe a rana gishirinsa ƙaruwa yake. Ruwan da ya kwanta cikin zafi yana haifar da wata irin gansakuka mai dafi, wadda gwamnatin Botswana ta ɗora wa alhakin mutuwar giwaye sama da 300 a 2020. Inda ciwon saifa ke yawo, ungulun da suka ci mushe kan zo su yi wanka a kwami su bar ƙwayar cutar. Kwamin da za a iya zubar da ruwansa a wanke ya fi tafkin ƙasa aminci ta wannan fuska.

Mashaya na tara dabbobi wuri ɗaya a lokaci sananne, kuma ɓarayin daji sun san haka. A 2013 an zuba gubar sayanayid a mashayu da wuraren lasar gishiri a Hwange, giwaye sama da 80 suka mutu, ungulu da sauran masu cin mushe suka bi su. Wurin da ma'aikatan tsaro ba sa iya kaiwa sintiri, bai kamata a kafa mashaya a can ba.

Akwai kuma dabbobin da ruwa ba alheri ba ne gare su. Warwaji da mariri, dabbobin hamada dangin barewa, na iya wata da watanni ba su sa baki a ruwa ba, suna samun abin da jikinsu ke buƙata daga ganye, gunar daji da raɓa. Mariri ya ƙare a daji har aka ayyana hakan a 2000, aka dawo da shi ƙasar Chadi daga 2016, kuma a ƙarshen 2023 aka sauke shi daga wancan matsayi saboda ya hayayyafa. Abin da irin waɗannan dabbobi ke buƙata shi ne faɗin ƙasa da ciyawar da ba a cinye ba. Sabuwar rijiya a tsakiyar makiyayarsu tana nufin garkunan gida za su zauna a wurin duk shekara, tare da motoci da bindigogi. A Ostireliya mashayun da aka yi wa shanu a busassun yankuna sun zama matattakala ga wani kwaɗo mai dafi da aka shigo da shi ƙasar a 1935. Ba ya iya kwanaki ba ruwa a lokacin rani, amma daga wannan tafki zuwa wancan ya ratsa ƙasar da a da ba zai iya ba, yana kashe guza da macizan da suka haɗiye shi. Masana can na ba da shawarar a maye buɗaɗɗun tafkuna da tanki rufaffe da kwami mai tsayi.

Babban abin da ake yawan tsallakewa shi ne mutane. Daji mai nisa a idon ɗan birni gida ne ga wani. Ba zan taɓa goyon bayan a kafa famfo mai kyau don ɓauna ba alhali matan rugar da ke kusa na tafiyar rabin yini neman ruwan sha. Zalunci ne, kuma aikin ba zai ɗore ba, domin wanda aka hana ruwa yana kallo ba zai zama mai gadin famfon ba. Giwayen Gourma na ƙasar Mali, waɗanda ke zagaye mai faɗi kowace shekara a bakin Sahara, tafkin Banzena ne mashayarsu ta ƙarshe kafin damina ta sauka. Da mutane suka zauna a bakinsa, shanu dubbai suka taru, tafkin ya ƙafe a 2009, giwaye suka mutu. Mafitar da aka cimma bayan doguwar tattaunawa da al'ummomin wurin ita ce a haƙa wa mutanen rijiyoyi masu tsabtataccen ruwa a wani yanki mai kyakkyawan kiwo nesa da tafkin, su koma can da yardarsu, a bar wa giwa Banzena. Ruwan tafkin dama yana sa wa mutanen ciwo. Rikicin da ya ɓarke a arewacin Mali a 2012 ya dagula aikin, amma tunanin daidai ne. Sau da yawa rijiyar da ta fi amfanar namun daji ita ce wadda aka haƙa wa mutane da dabbobinsu a inda ya dace.

Jigilar ruwa da tanka kuwa aikin ceto ne na ɗan lokaci. Patrick Kilonzo Mwalua, manomi ɗan Kenya, ya yi suna a farin 2016 zuwa 2017 saboda hayar tanka da yake yi yana kai sama da lita 11,000 gandun dajin Tsavo ta Yamma, har ɓauna suka gane ƙarar motarsa. Ya yi haka yana fama da ciwon ƙoda, ya rasu a watan Yuni na 2024. Ina girmama shi ƙwarai. Shi kansa bai tsaya ga tanka ba, ya koma gina tafkunan siminti da kafa famfunan sola, domin ya ga mota ba za ta riƙe daji ba. A 2020, da birnin Las Vegas na Amurka ya yi kwana 240 ba ruwan sama na a-zo-a-gani, hukumar namun daji ta jihar Nevada da jirage masu saukar ungulu ta riƙa cika tankunan tumakin dutse. Ba ta da zaɓi, domin garkunan sun hayayyafa ne bisa dogaro da tankunan.

A nan ne masu ba da tallafi ke yawan gazawa. Kuɗin gini na samuwa, domin akwai bikin buɗewa da allo mai ɗauke da suna. Kuɗin wanda zai hau babur ko ya taka da ƙafa duk wata ya duba murfi, ya share bututu, ya sauya abin da ya lalace, shi ne ba ya samuwa. Dabbar da ta saba da mashaya takan daina tafiyar da uwarta ke yi, ta haihu a wurin, 'ya'yanta su tashi ba su san wani ruwa ba. In famfon ya mutu a tsakiyar rani, lokacin da jiki ya raunana kuma kududdufan hanya sun bushe, ba ta da ƙarfin isa kogi. Da a bar ta tun farko da ta tafi da wuri. Don haka duk takardar neman tallafin mashaya da ba ta faɗi wa zai kula da ita ba, da kuɗin shekara nawa aka tanada, da wace dabba ake nufi, da nisan ta da mashaya ta gaba, ni a ganina a mayar wa mai ita ya sake rubutu. A ƙara da na'urar da ke aiko da saƙon yawan ruwan tanki daga nesa, da kyamarar da ke ɗaukar masu zuwa sha, don a san ko dabbar da aka yi wa aikin ce ke amfana. In kuma ta kama a rufe wata mashaya, ko don hutar da ciyawa ko don an gane kuskure ne, a rufe ta da damina lokacin da ruwa ke ko'ina, ɗaya bayan ɗaya, a ba garkuna shekara ko biyu su koyi sabuwar hanya kafin a taɓa ta gaba.